Labarin Yadda Koyar da Zane Ya Shiga Makarantun Nijeriya

Ku 'yan makaranta, cikin dukan darussan da ke jere a jadawalin mako, ba wanda a ke yi wa riƙon sakainar kashi kamar zane. In malamin lissafi bai gama aikinsa ba, lokacin zane ya kan ara, ba ya kuwa biya. In za a share fili don zuwan baƙo, lokacin zane a kan ce kowa ya ɗauko tsintsiya. Mu kanmu malamai ba mu kuɓuta daga wannan laifi ba. Amma ɗan lokacin nan da ku ke gani bai shiga jadawali da sauƙi ba. Wani mutum ya yi shekaru yana naci kafin a yarda a sa shi, wani kuma ya ƙetaro teku dominsa. Su biyun nan kowa ya ba da ransa ga aikin, amma hanyarsu ta sha bamban a kan tambaya ɗaya: in an sami yaro wanda hannunsa ya faɗa ga zane, me za a koya masa, dabarun baƙi ko gadon gidansu? Labarin malaman nan biyu da na almajiransu za mu ba ku yau, don tambayar ta shafe ku, musamman wanda ke cika bayan littafinsa da surar dawaki yana ɓoyewa kada malam ya gani.

Kafin Makarantar Boko

Tun ba a gina aji ko ɗaya a ƙasar nan ba, akwai yaran da a ke keɓewa a koya musu aikin hannu na ƙawa. Makarantarsu ita ce zauren uba ko na maigida. Ɗan maƙeri ya kan fara da zuga, ya daɗe yana kallon wuta kafin a miƙa masa masaba. Yaron mai ɗinkin riga ya kan fara da cike gurbin da gwani ya zana masa, sai bayan shekaru ya isa fitar da aska takwas da kansa. Haka dukawa, haka magina, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya cikin ƙarni na 19. A Kudu ma haka abin ya ke. Birnin Bini yana da unguwar Igun ta masu zubin tagulla, waɗanda ke yi wa sarki aiki, ɗa ya gaji uba. Yarabawa da Ibo suna da masassaƙan ƙofofi da ginshiƙai da fuskokin wasa, matan Ibo kuwa suna da zanen uli da su ke yi a jiki da bango.

Wannan hanya tana da alheri babba, watau yaro yana gefen gwani dare da rana, kuskurensa ba ya kwana ba a gyara ba. Tana kuma da aibi: ƙofarta kusan a rufe ta ke ga wanda ba a haife shi cikin gidan sana'ar ba. Ɗan manomi ko da hannunsa ya fi na kowa, da wuya ya sami mai koya masa.

Da makarantun Mishan suka fara kafuwa a bakin teku cikin ƙarni na 19, abin da suka sa gaba shi ne karatu da rubutu da lissafi da addini. Gwamnati da kamfanoni kuwa akawuna su ke nema. Sassaƙa, da ya ke galibinta ta haɗu da bautar gargajiya, masu makarantun nan da yawa sun ƙi kusantarta. An dai koyar da sana'o'i a waɗansu wurare. Makarantar Hope Waddell ta Kalaba, wadda aka buɗe a 1895, ta koyar da kafinta da ɗinki da ɗab'i. A Kano kuma, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, ya sa mata sashen sana'a inda gwanayen gari ke koya wa yara dukanci da ƙira da makamantansu. Amma duk wannan don neman abinci ne. Zane a kan kansa, a matsayin ilmi mai ƙa'idodi kamar lissafi, ba wanda ya ba shi kujera a aji.

Aina Onabolu

Mutumin da ya fara nema masa kujerar shi ne Aina Onabolu, Bayarabe, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882. Ba shi da malamin zane ko ɗaya a ƙuruciyarsa. Malamansa su ne hotunan da ke cikin littattafan makaranta da jaridun Turawa, waɗanda ya riƙa kwaikwaya da fensir, ya ɓata ya sake, har hannunsa ya faɗa. Da ya girma ya kama aikin akawu a Ikko, watau Legas, da rana yana ofis, in ya tashi ya koma kan takardunsa.

A zamanin nan akwai wata magana da Turawa da yawa suka ɗauka gaskiya ce, wai baƙar fata ya iya sassaƙa gunki, amma ba shi da basirar da zai zana mutum ya fito sak kamar yadda ido ke ganinsa. Maganar nan ta ƙona wa Onabolu rai, ya kuwa ƙudura zai ba da amsarta da hannunsa. A 1906 ya zana surar wata mace daga manyan Ikko, matar Spencer Savage, da fentin ruwa, kuma har yanzu masana suna lissafa wannan sura cikin ayyukan farko na sabon zane a Afirka ta Yamma. Daga nan manyan gari, lauyoyi da likitoci da attajirai, suka riƙa zuwa suna zama a gabansa.

Da wani ne, da ya tsaya nan ya ci ribar sunansa. Shi kuwa sai ya ga mutum ɗaya ba ya isa hujja, don za a ce tsautsayi ne ya ba shi. Sai an ga yara ɗari sun iya sa'an nan bakin masu magana zai mutu. Saboda haka ya shiga roƙon hukumar ilmi ta bar shi ya koyar da zane a makarantu, ya kuma fara koya wa yara a lokacin da ya ke da sarari. Amma ya lura ba za a saurare shi sosai ba muddin ba shi da takardar shaida. A 1920 ya yi nunin ayyukansa a Ikko, ya buga wani ɗan littafi a kan zane, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, yana da shekara 38. Ya yi karatu a makarantar zane ta St John's Wood a Landan, da ta Julian a Faris, ya komo gida a 1922 da takardarsa a hannu.

Ku dubi wannan da kyau. Mutum ne wanda ya riga ya gwanance, manya suna biyansa, amma ya yarda ya koma ya zauna aji tare da waɗanda ya girme su nesa, don kurum a buɗe wa 'ya'yan waɗansu ƙofa.

Da ya komo aka yarda masa. Ya riƙa zagaya manyan makarantun Ikko, irin su King's College da makarantar C.M.S., wadda ita ce mafi tsufa cikin makarantun sakandare na ƙasar nan, tun 1859. Abin da ya koyar shi ne abin da ya koyo. Na farko ƙa'idar nesa da kusa: ku tsaya tsakiyar hanyar jirgin ƙasa ku duba gaba, za ku ga ƙarafan nan biyu kamar suna matsowa har su haɗu can ƙarshen gani, alhali kuwa ba su taɓa haɗuwa ba. Wanda ya san lissafin wannan ya iya sa takarda shimfiɗaɗɗiya ta yi zurfi. Na biyu haske da inuwa, watau yadda za a sa tulu ya fito da ciki, kada ya zama da'ira kurum. Na uku ƙirar jikin mutum, gwargwadon kai da na gangar jiki, da inda kowace gaɓa ke lanƙwasa. A wurinsa zane ilmi ne mai awo, kowa kuma ya yi haƙuri ya koyi awon zai iya.

Ba da daɗewa ba aiki ya fi ƙarfinsa, makarantu da yawa, malami ɗaya. Sai ya nemi Gwamnati ta kawo masa mataimaki daga Ingila. Bai san wanda za a aiko masa zai zo da ra'ayin da ya saɓa wa nasa ba.

Kenneth Murray

Wanda aka aiko ya sauka a 1927, saurayi mai shekara 25, sunansa Kenneth Murray. Gidansu gidan ilmi ne, kakansa James Murray shi ne ya shugabanci aikin babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford. Shi kuwa zane ya karanta a Birmingham.

Don ku gane Murray sai mun ɗan leƙa Turai. A lokacin da Onabolu ke ƙoƙarin koyon ƙa'idodin Turawa, su Turawan waɗansunsu sun fara gajiya da su. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai wani malami, Franz Cizek, wanda ya buɗe ajin zane na yara zalla a 1897. Ya hana su kwaikwayon hoton kowa. Ya kan ba su takarda da fenti, ya bar kowane yaro ya zana abin da ke cikin zuciyarsa, don a ganinsa yaro yana da nasa ido, kuma yawan ƙa'ida tun da wuri ya kan kashe shi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka zagaya da ayyukan yaran nan a Ingila, malamai da yawa suka karkata ga ra'ayin. Cikin wannan iska Murray ya tashi.

Har wa yau, a 1925 Gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufa a kan ilmi a ƙasashen Afirka da ke hannunta, inda aka ce a daidaita karatu da al'adu da sana'o'in mutanen kowace ƙasa. Sakataren kwamitin da ya tsara ta kuwa shi ne Ɗan Hausa na Kano.

Da Murray ya zaga ƙasa ya ga ƙofofin da aka sassaƙa da tukwane da saƙa, sai abin ya kama shi. Ya kuma ga gara tana cin waɗansu, ana ƙone waɗansu, tsofaffin gwanaye suna mutuwa ba magaji, don 'ya'yansu sun tafi neman aikin akawu. Sai ya ce a ransa, ina amfanin a koya wa yaron Nijeriya zana tulun Ingila, alhali abin da kakansa ya bari yana ruɓewa a bayan ɗaki? Ya koyar a Ikko, sa'an nan a kwalejojin Gwamnati na Badun da Umuahia, waɗanda aka buɗe duka biyu a 1929. Bai matsa wa yara da ƙa'idar nesa da kusa ba. Ya kan tura su su dubi kasuwa da gona da wasan gari, su zana abin da suka sani. Ya sa su sassaƙa itace da ginin yumɓu, ya kuma ƙarfafa su su je wurin gwanayen ƙauye su ga yadda a ke riƙon gizago.

Abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne wannan: Murray bai tsaya ga darasin kowa da kowa ba. Ya zaɓi 'yan yara kaɗan waɗanda ya ga suna da baiwa, ya keɓe su, ya ba su horo na musamman shekara da shekaru, da nufin su zama malaman zane su watsu cikin makarantu. Biyar daga cikinsu sun shahara: Ben Enwonwu, da C. C. Ibeto, da D. L. K. Nnachy, da A. P. Umana, da Uthman Ibrahim. In kun lura, wannan zauren maƙera ne ya komo cikin makarantar boko, gwani ɗaya da yara kaɗan a gefensa, sai dai yanzu ba a tambayar ɗan wane ne kai.

A 1937 Murray ya ɗauki ayyukan su biyar ɗin ya kai Landan, aka yi nuninsu a wani gidan nuni mai suna Zwemmer. A 1938 kuma aka nuna aikin almajiransa a babban nunin ƙasashen daular Ingila da aka yi a Gilasgo. Yaran da ba su daɗe da barin benci ba, ga mutanen Turai sun tsaya gaban aikinsu suna dubawa.

Wa Ke da Gaskiya?

Kowane cikin malaman nan yana da hujja mai ƙarfi, kowane kuma yana da inda ya gaza.

Hujjar Onabolu ita ce, hana yaron Afirka wata dabara don kurum daga waje ta zo, gaskata zagin da aka yi masa ne. Ba wanda ya ce kada a koya masa lissafin Turawa ko likitancinsu, to, don me zane zai zama dabam? Masu ilmin Ikko da yawa sun yi zargin wannan magana ta daidaita karatu da al'ada, suna ganin wata hanya ce ta riƙe baƙar fata a baya. Masu sukar Murray daga baya sun ce ya so almajiransa su tsaya ga zanen ƙauye, kamar motar da jirgin ƙasa da benen Ikko ba su cikin rayuwarsu. Wannan suka tana da kama.

Hujjar Murray kuwa ita ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Yaron da aka koya masa duk abin kirki daga ƙetare ya ke zuwa, zai tashi yana raina hannun ubansa, iyakarsa kuma ya zama mai kwaikwayo, mai kwaikwayo kuwa kullum a baya ya ke. Onabolu, don tsananin son ya kunyata masu zagi, bai ba sassaƙar gargajiya muhimmanci ba a koyarwarsa. Wannan ma gaskiya ne.

Ana cikin haka sai ƙasa da kanta ta sa baki. A 1938, masu haƙa harsashin gida kusa da fadar sarkin Ife suka tono kawunan mutane na tagulla fiye da 10. Kowane kai da kumatu da leɓe da fatar ido sak na ɗan Adam, an kuwa zuba su fiye da shekara 500 da suka wuce. Tun a 1910 wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya ga irinsu a Ife, ya ce ba zai yiwu baƙar fata ne suka yi ba, sai ya danganta su ga wata al'umma ta ƙetare. Bincike ya ƙaryata shi, mutanen Ife ne suka yi abinsu. To, kun ga abin da wannan ya nuna. Abin da Onabolu ya tafi Landan ya koyo, watau fitar da kamannin mutum daidai, ashe kakannin Yarabawa sun iya shi tun tuni. Iyakar da aka shata tsakanin nasu da namu ba ta nan inda aka zata.

Almajirin da Ya Sha Daga Rijiya Biyu

Cikin su biyar ɗin nan wanda ya yi nisa ƙwarai shi ne Ben Enwonwu. An haife shi a Anaca, watau Onitsha, a 1917. Ubansa masassaƙi ne, ya rasu a 1921 ya bar masa kayan aikinsa, saboda haka yaron ya san ƙamshin itace tun bai san harafi ba. Ya shiga hannun Murray a 1934, ya bi shi daga Badun zuwa Umuahia. Bayan ya gama ya koyar da zane a makarantu, har da Bini, inda ya ga aikin masu zubin tagulla da idonsa. A 1944 ya tafi Ingila, ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, ya gama a 1947. A can ya koyi dukan ƙa'idodin da Onabolu ke wa'azinsu.

Da ya komo aka ba shi aikin ba Gwamnati shawara a kan zane. Ya ƙera surar tagulla mai suna Anyanwu, watau rana da harshen Ibo, wadda aka kafa a gidan kayan tarihi na Ikko, a 1966 kuma Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinta kyauta. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zauna gabansa a Landan a 1957 ya ƙera surarta. Ya rasu a 1994. A 2018 aka sayar da wani zanensa mai suna Tutu, surar wata gimbiyar Ife, a kan kuɗi sama da fam miliyan 1.

Ba don kuɗin muka kawo wannan ba. Ku dubi aikinsa: gaɓoɓi da awo na mai ilmin makaranta, tsawon wuya da motsin rawa da sanyin fuska kuwa na gida. Da Murray kaɗai ya tsaya, da wataƙila ya ƙare yana zanen kasuwar ƙauye. Da kuma bai bi ta hannun ubansa da Murray ba, da ya komo daga Landan ɗaya cikin dubban masu zanen Turai.

Shi Murray, a 1943 aka ba shi aikin kula da kayan tarihi na ƙasa, ya bar aji. Ya bi ƙauyuka yana ceton abin da ya saura, kuma da ƙoƙarinsa aka buɗe gidan kayan tarihi na Ikko a 1957. Ya rasu a haɗarin mota a 1972. Onabolu kuwa ya ci gaba da koyarwa da zane har tsufansa, ya rasu a 1963, bayan ya ga ƙasar ta sami mulkin kai.

Yadda Maganar Ta Iso Zariya

Ƙarshen gardamar a nan Arewa aka yi shi. Cikin shekarun 1950 wani malami Bature, Dennis Duerden, ya koyar da zane a kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya kula da yaran da ke da baiwa, cikinsu har da Jimo Akolo, wanda daga baya ya zama babban mai zane kuma malami a Zariya. A 1955 aka mayar da sashen zane na babbar kwalejin fasaha ta ƙasa daga Badun zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman sashen galibinsu Turawa ne, tsarin karatun kuma na Ingila.

A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ba su ƙi zuwa aji ba, sun koyi awo da haske da inuwa kamar yadda aka koya musu. Amma in an yi hutu kowa ya kan koma garinsu ya bincika zanen mutanensa. Okeke ya koma ga uli, wanda mahaifiyarsa ta sani, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ga rayuwar Yarabawan Ikko. Manufarsu ita ce a haɗa dabarar da aka koyo da gadon da aka tarar, su narke su zama abu ɗaya. Tambayar da ta raba malamai biyu, ga almajirai sun amsa ta da cewa a ɗauki duka biyun. Da yawansu kuma suka koma aji: Onobrakpeya ya yi shekaru yana koya wa 'yan sakandare a Ikko, Grillo ya shugabanci sashen zane na kwalejin Yaba, Okeke na Jami'ar Nsukka.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Abu uku muka tsinta cikin labarin nan.

Na ɗaya, baiwa ba ta isa ita kaɗai. Onabolu ya kai kusan shekara 40 kafin ya sami abin da malami zai iya ba yaro cikin shekara 4. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Wa ya san yawan masu hannu irin nasa da suka ƙare rayuwarsu suna kwafar wasiƙu a ofis, don ba wanda ya duba bayan littafinsu?

Na biyu, darasin kowa da kowa da horon 'yan kaɗan, kowane yana bukatar ɗan'uwansa. Ba don Onabolu ya sa zane cikin jadawali ba, da ba a san inda masu baiwa su ke ba. Ba don Murray ya keɓe biyar ya zauna da su ba, da baiwar ta tsaya a rabin hanya. Makarantar da ta bar lokacin zane ya zama na shara ta rufe ƙofar farko, wadda kuma ba ta da malamin da zai tsaya da yaro biyu ko uku bayan an tashi ta rufe ta biyu.

Na uku, kada wani ya sa ku zaɓi tsakanin gida da waje. Mu a nan Arewa, inda mutane da yawa ke ƙyamar surar abu mai rai saboda addini, ba mu rasa namu gado ba. Ga zayyanar bangon gidajen Kano da Zariya, ga dagi, ga aikin wuyan riga da na hula, ga adon sirdi da na ƙwarya, ga ƙawar da marubuta ke yi wa allon zayyana. Duk awo ne da lissafi da daidaita launi, kuma duk suna bukatar magada masu ilmi. Wanda ya iya waɗannan, ya kuma iya ƙa'idodin makaranta, shi zai zana taswirar gini da adon atamfa da hotunan littattafan da ƙannenku za su karanta.

Saboda haka ga shawararmu. Wanda ya san hannunsa yana motsi, ya daina ɓoyewa, ya kai wa malaminsa littafin nan gobe. In an koya muku nesa da kusa, ku koya har ya zauna, kada ku ce na Turawa ne. In an yi hutu, ku je ku gai da magini ko baduku ko mai ɗinkin unguwarku, ku zauna gefensa, ku tambaye shi sunan kowane zane da yadda a ke fara shi, ku rubuta, ku zana. Tsofaffin nan ba za su dawwama ba, abin da ke kansu kuwa ba ya cikin littafin kowa. Mu kuma malamai mun ɗauki namu alkawari: lokacin zane na mako mai zuwa, ba za mu ara ba.